Shanun Siddo a Cikin Farar Na'ura

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Siddo makwancinsa a Gangara, kuma sai a daminar bana farar na'urarsa ta bi shi. Na san wani zai karanta ya ce malamin lakol, wato makarantar boko, mai furfura ya rasa abin rubutawa sai wasan yara. To, ya faɗa. Na gaji da kare kaina a kan wannan magana tun Siddo na da rai.

Ga wanda bai san shi ba, Siddo Bafulatani ne, wanda fari ya cinye garken mahaifinsa yana saurayi. Ya shigo Agiye ba shi da komai sai sanda da Hausa mai karkata. Ya yi dako, ya yi gyaran rediyo, daga baya ya buɗe rumfar wasan gem kusa da tasha. Ni kuma daga Tibiri aka turo ni koyarwa, nan muka haɗu. Na'ura biyu gare shi, na kamfanoni biyu masu gaba da juna, kowace da telebijin ɗinta. Mu dai baƙa da fara muke ce musu. Wasan balo, wato ƙwallon ƙafa, iri ɗaya ne a cikinsu, amma mun yi shekaru muna musu a kan wadda ta fi.

Ni ɗan baƙa ne. A cikinta ciyawar fili kore shar, har gumin goshin ɗan wasa kana gani. Fara kuwa ƴan kallonta kamar an zana su a kwali. Nakan ce, "Haba Siddo, wannan taka ai ta makafi ce." Sai ya miƙo mini manet, abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, ya ce, "Malam, bar kallo, taɓa." Kuma da gaskiyarsa, ko da yake ban taɓa amsa masa ba. A fara, kana dannawa balo ta bar ƙafa. A baƙa, in ƴan wasa suka cunkushe gaban raga, sai hoton ya ɗan yi tsaiko, kafin ka farga an ƙwace.

Shi da bai taɓa zama aji ba, shi ya fahimtar da ni dalili. Ya ce masu ƙera wasan kaya ɗaya gare su, dabbar ɗauka biyu. Ranar ƙaura, yadda ake ɗaura wa takarkari ba haka ake ɗaura wa jaki ba, dole a sauke wani abu. A fara sun rage ƴan kallo da inuwa don ƙafa ta yi sauri, a baƙa sun bar ado sun haƙura da ɗan jinkiri. Shi ya sa in samarin Agiye da na Gazawa suka yi gasa a rumfarsa, wasan farko a baƙa ake yi, na ramuwa a fara, don kada wanda aka ci ya ɗora wa na'ura laifi.

Yau samari a salula suke buga wasan, suna musu a kan sababbin na'urorin da ba su taɓa riƙewa ba, sai dai a bidiyo. Wallahi surutun na gajiyar da ni. Da Siddo na nan, ba zai shiga musun ba. Zai karɓi salular, ya buga minti biyu, ya yi tambayar da yake yi wa kowane sabon wasa: "A nan kuma me suka sauke?"

A cikin farar ne ya gina ƙungiyarsa. Wasan na ba mutum dama ya ƙirƙiri ƴan wasa, ya ba su suna da ƙarfi da gudu. Goma sha ɗaya ya yi: Wule, Saye, Fure, Woɗe, Ɓale da sauransu. Sai da muka daɗe tare ya gaya mini sunayen shanun mahaifinsa ne da fari ya kashe. Kullum cin sa ake yi da ƙungiyar nan, ni kuma ina yi masa dariya, don ya sa Wule mai nawa a gaba, ya bar Ɓale, wadda ta fi kowa gudu, a can baya.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi. Aka rufe rumfa, aka rabu da baƙar, farar kuwa yayarsa Adda Kumbo ta ce in riƙe. Na aje ta yadda yake aje ta, bisa bulo biyu a kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, don kada ta yi zafi. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan kunna in ga shanun. Da ta fara mutuwa da kanta bara, hankalina ya tashi, don ba inda sunayen nan suke sai cikinta. Na kai ta wurin mai gyara a Maraɗi, na roƙe shi ya kwashe ƙungiyar ya zuba a sabuwar na'urar ɗana, wadda jikar baƙar ce. Ya yi dariya ya ce gidajen nan biyu ba su buɗe wa juna ƙofa, abin da aka adana a ɗaya, ɗayar ba ta karanta shi.

Sai na kwafe da hannu a littafin lakol, suna bayan suna, na sake gina su a sabuwar. Kuma da yake ni malami ne, hannuna ba ya barin kuskure, na gyara wa Siddo jerinsa. Na kai Ɓale gaba, na mai da Wule baya. Har nasara muka fara yi.

Bayan farar ta mutu ɗungurungum, wata ranar kasuwa Adda Kumbo ta zo daga Gangara da ƙwaryar nononta. Na zaunar da ita gaban telebijin, ina karanta mata sunayen daga gaba zuwa baya. Ban kai na biyu ba ta ɗaga hannu.

"Malam, wa ya sa Ɓale gaba?"

Na ce, "Ni ne, Adda. Ai ita ta fi gudu."

Ta ce, "Shi ya sa take baya, kusa da sandar Baba. In ta shiga gaba, gonar mutane za ta kai su. Wule ce uwar garke. Ba ta sauri, amma ba wadda ke wuce ta a hanyar rijiya."

Daga nan ta jero su da ka, goma sha ɗaya, tana kallon ƙasa. Na buɗe littafina ina bi. Ko ɗaya bai saɓa da jerin Siddo ba. Ashe duk shekarun da nake yi masa dariya, ba neman nasara yake ba, shanunsa yake kaiwa rijiya. Kunya ta kama ni, kuma wanda ya kamata in ba haƙuri ba ya nan.

Me ya rage na Siddo? Rumfar yanzu ana sayar da taya a cikinta. Na'urarsa na ƙarƙashin gadona, ba ta motsi. Shanun ma a sabuwar na'ura ba su gudu yadda suke yi a tasa, don wani ɗaurin kaya aka yi musu. Jerin kawai ya rage, shi ma saura kaɗan in ɓata shi da ilimina.

Na mai da Wule gaba. Kowace Juma'a ɗana na cin mu, yana cewa, "Baba, don Allah ka fid da tsohuwar nan." Nakan ce masa ya buga kawai, ba wadda ke wuce ta. Allah ya jiƙan Siddo, ya shayar da shi.