Karatu a Tsaye a Gidan Aukuso

Ka taɓa ganin yarinyar da ke cinye jarrabawar rubutu tas, amma da an ce ta miƙe ta karanta layi ɗaya sai muryar ta ɗauke? Ni na gani, kuma a danginmu ne. Taulagi ke nan, autar yayana Aukuso.

Aukuso manomin gwaza ne da koko a ƙauyenmu, nan gaɓar kudu ta tsibirin Savai'i. Aji huɗu ya yi ya ajiye, ya bi mahaifinmu gona. Ba shi da mota, ba shi da ɗa a ƙetare mai turo masa komai, kuma a zauren dattawan gari ginshiƙin da yake jingina da shi yana can gefe, wurin marasa muƙami. Abu ɗaya aka san shi da shi, tarbiyya. 'Ya'yansa biyar, babu wanda ya taɓa yi masa magana a tsaye. In yaro ya zo da saƙo, sai ya zauna a bakin tabarma, ya naɗe ƙafa, sannan ya buɗe baki. Mata kan ce wa nasu, "Ba ka ga yaran Aukuso ba?" Ni da ke da kanti a bakin hanya na sha jin wannan. Akwai ranar da na ƙirga har sau huɗu kafin rana ta yi tsaka.

Makaranta kuwa, tun da ya bar ta, bai sake taka ta ba. Ba raini ba ne. A ganinsa makaranta gidan malami ce, kuma ba a shiga gidan mutum a nuna masa aikinsa. Duk ƙarshen zango yakan aika wa malamai kwandon gwaza da kifi, shi ke nan ya sauke nauyinsa.

Shi ya sa Malama Peleiupu, mai ajin su Taulagi, ba ta je wurinsa ba, ta biyo ta kantina.

"Siniva, akwai matsala," ta ce. "Kin san kwalejin mishan ta Apia, babban birni, yarinya ɗaya za ta ɗauka kyauta daga gundumar nan. Taulagi ce ta ɗaya a rubutu. Saura ganawa, nan da mako uku. Za ta tsaya gaban manya uku suna zaune, ta karanta Turanci, ta amsa tambaya."

"To, ai ta iya."

"A gabana ta iya. Jiya na sa shugaban makaranta ya zauna a kujera, na ce ta miƙe ta karanta masa. Gwiwoyinta suka naɗe da kansu, sai ga ta a ƙasa. Na ɗaga ta, ta tsaya, baki na motsi babu sauti. In ta yi haka a Apia, ta biyu za su ɗauka."

"Me za a yi?"

"Ba Turanci ya rage mata ba. Tsayuwa ce. Kuma wanda ya koya mata zama, shi kaɗai zai iya ce mata ta tashi."

Na rufe kanti a take. Na san in gurbin nan ya wuce, karatun Taulagi ya tsaya a nan kusa, domin gwaza ba za ta kai yarinya Apia ba.

Na same shi a tsakar ɗakinsa yana murza zaren ɓawon kwakwa a cinya. Na zauna, na gaishe shi, na zayyana masa komai. Namiji a wurinmu ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya, don haka bai ɗaga ba. Sai dai hannunsa ya daina murzar.

"Ina zaune, ta tsaya a kaina?"

"Kwata ɗin awa kawai, Yaya. Kullum da yamma."

"Siniva, dubi gidan nan. Ina bangonsa?"

Na duba, kamar ban san shi ba. Ginshiƙai ne da rufi, iska na shiga ta ko'ina, ido ma haka. Daga inda nake ina hango gida shida da hanyar coci.

"Sai a saki asabari," na ce.

"Da rana tsaka? Su ce wani ya mutu, ko muna ɓoye ciki? Kafin a busa ƙahon addu'a matar fasto ta iso da miya." Ya ajiye zaren. "Shekara nawa ina gina abu ɗaya. Shi malama take so in rushe?"

"Malama ba ta son komai. Taulagi ce za ta rasa."

Ya koma kan zarensa. Na koma kanti ina lissafin kwanakin da suka rage, ina kuma lissafin wa zan aika masa ya roƙe shi. Washegari da yamma sai ga Taulagi a guje. "Gwaggo, Baba ya ce ki zo ki zama shaida, wai ke kika jawo."

Asabari a ɗage suke duka. Yana zaune a tsakiya, bayansa a miƙe kamar mai jiran hukunci. Ya ce, "Tashi." Ta dube ni. Ya sake cewa, "Tashi ki karanta." Ta miƙe da littafin. Layi biyu ta yi, a hankali kamar mai raɗa, sai ta zube ta fashe da kuka.

Kwana uku a haka. Shi kuma ya ɗauka tsawa ce maganin. "Ɗaga murya. Ba ki ci abinci ba ne?" Yana yin tsawar, muryar na ƙara shigewa ciki. Na fara tunanin mun ɓata abin da da ma bai gyaru ba.

Shi ya gano hanyar, ba ni ba, ba malama ba. Ran na huɗu ya jawo zarensa, ya sunkuyar da kai, ya shiga murzawa kamar babu kowa a ɗakin. Ta tsaya, ta jira tsawa, ba ta zo ba. Ta fara. Na ƙirga layi goma sha ɗaya. Kashegari shafi guda. Kafin mako ya cika, yaran maƙwabta sun fara laɓewa a gindin ayaba suna kallo, iyayensu kuma suna rage saurin tafiya in sun zo daidai gidan.

Amma manyan Apia ba za su sunkuya su murza zare ba. Za su dube ta, su yi mata tambaya. Na faɗa masa. Ya ce ya ji.

Aukuso ba ya jin Turanci. Sai ya ce in ta karanta, ta gaya masa da harshenmu abin da labarin ya ce. Labarin wani mutum ne da jirginsa ya kife, ya yi iyo ya kai tsibiri. Ta gaya masa. Ya ɗago kai, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Wato nutsewa ya yi."

Ya maimaita.

"Na ce nutsewa ya yi. Haka ne?"

Ta dubi littafin, ta dubi ƙasa. Ta san bai nutse ba. Ta kuma san ba a taɓa ce wa Aukuso "a'a" a ƙarƙashin rufin nan ba. Ta ɗaga gira, alamar e.

"To, tun da ya mutu, rufe littafin. Labari ya ƙare."

Haka ya yi mata kwana biyu. Kullum sai ya kashe mutumin nan, ita kuma ta yarda, a rufe littafi. Ni har raina ya fara ɓaci, don kwanaki na tafiya. Ran na uku ya ce, "Wannan kifi ne ya cinye shi."

"A'a, Baba." Da ƙarfi ta faɗa, har ita ma ta firgita. "Bai mutu ba. Ya kai tsibiri, ya hura wuta."

Daidai nan muka ji sanda ta bugi dutsen bakin ɗaki. Baba Sauvao ne, wanda in ya yi magana a zauren dattawa ba a ƙarawa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya hau, ya sami ginshiƙin gaba, wurin manya, ya zauna. Na ga gwiwoyin Taulagi sun fara lanƙwasa.

"Tsaya yadda kike," in ji Aukuso, bai ko dube ta ba.

Aka yi gaisuwa doguwa, irin ta manya, yarinyar na tsaye a kansu. Na zuba koko a kofi na ajiye gaban dattijon.

"Ɗan Ioelu," in ji Sauvao, yana kiran Aukuso da sunan mahaifinmu, "ƙafar 'yar taka ba ta naɗuwa ne, mu nemo mai tausa?"

"Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Ni na ce ta tsaya."

"Kai ka ce ta ce maka a'a kuma? Kunnena ya tsufa, amma wannan ya shiga."

"Ni na yi ƙarya, ta gyara mini."

"Madalla. Gobe sai jikana ya tsaya a kaina ya gyara mini nawa. Ya ce a gidan Aukuso ya gani." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Kai ne muke nuna wa yara. Yanzu me za mu nuna musu?"

Na san abin da ke bakin yayana guda biyu ne: ya ce mata ta zauna, komai ya wuce, ko ya bar ta a tsaye. In ya ce ta zauna a gaban wannan mutum, babu abin da zai sake tashe ta.

"Ranka ya daɗe, inda za ta je, manya irinku ne za su zauna, su ce ta tsaya. Ban taɓa zuwa can ba, ba zan iya shiga in tsaya mata ba. Abin da zan iya ke nan." Ya juyo. "Taulagi, karanta wa kakanki."

Ta buɗe baki, babu komai. Ana jin igiyar ruwa na dukan duwatsu can ƙasa. Sannan kalma ta fito, ta biyu ta biyo ta, murya na karkarwa amma ana ji. Ta kai ƙarshen sakin layi. Sauvao ya dafa sanda ya miƙe.

"Sai ran Litinin a zaure," ya ce. Kokon nan ko taɓa shi bai yi ba.

Ran Litinin Aukuso ya zauna gaban dattawa kansa a ƙasa, aka yi masa faɗa tun safe har rana ta ɗaga. Aka ce ya ciyar da zaure don wanke laifi, ya kai gasasshiyar gwaza da katan ɗin kifin gwangwani. Ya ba da haƙuri da kalmomi masu kyau. A ƙarshe ya ƙara da cewa yana neman gafara tun yanzu, domin da yammar nan ma za ta tsaya, har ranar da za su hau jirgin ruwa zuwa Apia. Babu wanda ya ba shi izini, babu kuma wanda ya hana.

Mu uku muka tsallaka zuwa Apia. A harabar kwalejin iyaye na zaune a benci, wasu da takalma masu ƙyalli, suna yi wa 'ya'yansu bita da Turanci. Aukuso ya zauna a ƙarshen benci da farar rigarsa ta coci. Aka kira yarinya huɗu kafin ita. Ɗaya ta fito tana kuka.

Da aka kira Taulagi, na matsa inda nake hango ta ta taga. Manya uku a bayan tebur, na tsakiyar da furfura da farin kwat. Ta shiga, ta sunkuya don gaisuwa, sunkuyawar ta yi nisa, hannunta ɗaya har ya nufi ƙasa. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Tana tsaye?" in ji Aukuso. Ya ƙi ɗago kai.

"Tana tsaye."

"Tana magana?"

Muryarta ta ratso tagar har bencinmu. Bai fahimci kalma ɗaya ba, amma leɓɓansa na motsi tare da ita.

Da ta fito, ta zo gabansa ta zauna a kan siminti, ta naɗe ƙafa, sannan ta ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Tashi mu je, kada jirgi ya bar mu."

Bayan mako biyu aka bugo wa Malama Peleiupu waya. An ɗauki Taulagi. Yanzu tana shekara ta biyu a can. Baba Sauvao har yau gaisuwarsa da yayana a taƙaice take, kuma na daina jin mata na yi wa yara misali da gidan Aukuso. Aukuso ya san da haka. Bai taɓa ambata ba. Zangon da ya wuce, da kansa ya ɗauki kwandon gwaza ya kai makarantar ƙauye, ya tsaya a ƙofar aji yana tambayar malama yadda jikansa na fari yake yi.

Don haka ga roƙona. Yau da yamma ka kira ɗanka ko 'yarka, ka zauna, ka ce ya tsaya ya karanta maka. Ko ba ka jin harshen littafin, ba komai. Ka nemi abin da za ka riƙa yi da hannu, kada ka yi tsawa. In ya gama, ka faɗi labarin a karkace da gangan, ka yi shiru, ka jira. Kwata ɗin awa ne. Ka gwada na mako guda.