Saukar Littafin Baffa

Akwai wani ƙamshi da tsohuwar takarda ke yi idan rana ta dake ta. Ba irin na sabon littafi ba ne, wanda rabinsa warin gam ne. Wannan na takardar da ta sha danshin damina ne, ta kwana cikin gafakar fata, sannan aka fito da ita rana ta fara gasa ta. Makon jiya na je gidanmu na Kwarbai, tun daga zaure ƙamshin ya tare ni, na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe ranar shanyar littattafai ce. In kai ma a gidan malamai ka tashi a cikin birnin Zariya, ka san abin da nake nufi. In kuwa ba haka ba, bari in ba ka labari.

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, sabon gero ya fara shigowa kasuwa, kakana yakan sa a fito da littattafansa kaf. Malam muke ce masa, mu da 'ya'yansa da mutanen unguwa. Sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a buɗe littattafan a jere su sha rana, a duba ko gara ta yi ɓarna. Ranar nan ba a daka, ba a hura wuta kusa, kaji kuwa a akurki suke yini suna ƙorafi. Kakata, wadda muke kira Iya, takan ce ita dai ba ta ga ranar da aka taɓa shimfiɗa mata tabarmi haka don darajarta ba.

Babban aikin ba shanyar ba ne, mayarwar ce. Littafi a gidanmu ba a ajiye shi yadda aka ga dama. Kowanne da matsayinsa. Alƙur'ani ne a sama, ba a ɗora komai a kansa. Tafsiri na biye da shi, sai hadisi, sai fiƙihu, can ƙasa kuma littattafan nahawu. Su ma na ƙasan ba sa taɓa ƙasa, a kan katako suke, katakon kuma a kan duwatsu saboda gara. Babana, wanda shi ne babban ɗan Malam, shi ke jera su da hannunsa. Ma'aikacin hukuma ne, mutum mai son tsari, wanda ko hularsa ba ya yarda ta karkace.

Ƙanensa kuwa, Baffa, shi ne autan Iya, kuma shi ne abokina a gidan nan. Shi ya koya mini haɗa baƙi na boko a bayan kwalin sukari. Shi ke goya ni a keke ya fita da ni ta ƙofar gari har Wusasa, don kawai in ga duwatsu. Yana da surutu, yana da dariya mai ƙarfi, kuma bai iya ganin gardama ya wuce ta ba.

Shekarar da nake ba ka labari ina aji huɗu a firamare, Baffa ya gama jami'a ya dawo gida da kwali cike da littattafan Turanci, sababbi fil. Wasu a kan mulki, wasu a kan talaka da mai kuɗi, akwai ma wani da ya ce tambaya yake yi a kan yadda mutum ke sanin abin da ya sani. Bai nemi shawarar kowa ba ya cusa kwalin a ɗakin littattafan Malam, tunda nan ne kaɗai ba ya yoyo. Lokacin soja ke mulki, mutane na magana ƙasa-ƙasa. Tuni an fara raɗe-raɗi a majalisar ƙofar masallaci cewa autan Malam ya zama ɗan gurguzu.

Ranar shanya ta zo, Baba ya ci karo da kwalin. Ya ɗauko shi, ya wuce tabarmi, ya juye littattafan a ƙasa tsagwaronta, kusa da turken awaki. Ban taɓa ganin an yi wa rubutu haka a gidanmu ba. Ya ce waɗannan ba za su sake kwana ɗaki ɗaya da littattafan Malam ba, kuma gara su bar gidan baki ɗaya kafin su jawo mana abin kunya ko abin da ya fi kunya.

Baffa bai yi dariya ba ranar. Ya durƙusa yana tsince su yana kakkaɓewa, ya ce, "Yaya, duk inda suka kwana nan zan kwana." Kowa ya san ba cika baki yake ba. Yana da aboki mai ɗaki a unguwar Gyallesu, kuma ana ta kiransa aiki a Ikko. Na ga Iya ta juya ta shige madafa, ko da yake ba a girki a ranar. Ni kuwa na san in Baffa ya fita da fushi ba zai dawo ba.

Malam yana zaune a inuwar bango, duk abin nan a kan idonsa. Ba ya kiran sunan Baba saboda ɗan fari ne, sai ya ce, "Kai, ka karanta su?"

Baba ya ce, "Malam, ban karanta ba, amma na ji abin da ake faɗa."

"To ni ban iya hukunci a kan abin da ban ji da kunnena ba. Auta, wanne ne ya fi zafi a cikinsu?"

Baffa ya zaro wani mai jan bango, na wani malamin jami'a ɗan ƙasar nan. Malam ya ce daga gobe bayan la'asar, in ɗalibai sun watse, za a fara shi daga farko. Sauran kuma a ɗora su a kan kujera a lungun zaure, ba ciki ba waje ba, har a gama.

Ka san yadda karatun zaure yake. Malami na kan buzunsa, ɗalibi na gabansa a tabarma. Ɗalibi ya ja Larabci gaɓa-gaɓa, malami ya fassara, ɗalibi ya ce na'am. To a nan wa zai ja, wa zai fassara? Malam ba ya jin Turanci. Washegari da Baffa ya shigo zaure sai ya tarar Malam ya sauka daga buzu ya koma tabarma. Ya nuna masa buzun, ya ce mai ba da karatu ne ke zama a kai. Baffa ya rantse ba zai hau buzun mahaifinsa ba ko za a yanka shi. Suka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ɗora littafin a kan buzun, su biyu suka zauna a tabarma. Baffa ya ja Turanci, ya juya shi Hausa, tsoho mai furfura har gira yana cewa na'am.

Ba na'am ɗin banza ba ne. Kafin a gama shafi sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan maganar, wa ya gaya masa?" Baffa ya nuna masa ƙananan rubutun da ke gindin shafi, inda marubucin ya faɗi wurin da ya samo kowace magana. Abin ya burge Malam. Ya ce mutumin da ke nuna inda ya ɗebo ruwa ya cancanci a saurare shi, ko da ruwan bai yi maka daɗi ba.

Mu yara ta zaure muke shiga da fita, don haka karatun nan ya zama kamar kiran salla a kunnenmu. Ban fahimci ko rubu'insa ba. Amma na fahimci Baba. Shi da ya ce ko kallon littafin ba zai yi ba, sai ga babur ɗinsa ya tsiri lalacewa kullum bayan la'asar, kuma ba ya gyaruwa sai a bakin zaure. Yakan yi ta goge fulogi guda har magariba.

Ana cikin haka aka zo babin da ya kusa rusa komai. Marubucin ya ce malaman addini sun daɗe suna ba talaka haƙuri, masu mulki na cin karensu babu babbaka. Baffa ya so ya sassauta fassarar, Malam ya gane, ya ce ya faɗa masa yadda take. Da ya ji, sai ya miƙe ya shige gida, bai yi addu'ar tashi ba. Washegari bai fito ba. Jibi ma haka. Baba ya daina gyaran babur, yana yawo a gida da fuskar wanda aka ba gaskiya. Na leƙa ɗakin Baffa na ga ya ɗaure katifarsa da igiya. Na zauna a kan katifar na yi ta kuka, na ce sai dai ya tafi da ni. Ya shafa kaina, ya ci gaba da haɗa kayansa.

Ranar da zai tafi, bayan la'asar, sai muka ji gyaran muryar Malam a zaure. Ya aika a kira auta. Ya ce, "A gidan nan ba a barin littafi a tsakiya. Mutumin nan ya yi mana kuɗin goro, kuma ya ba ni haushi. Amma na kwana ina lissafa malaman da na sani, ba zan ce ƙarya ya yi duka ba. Ci gaba."

Sai da sanyi ya shigo ya fita kafin su kai shafin ƙarshe. A al'adarmu in ɗalibi ya sauke littafi akan yi sadaka, Malam kuwa ya ce ai shi ma ɗalibi ne. Iya ta soya waina kwarya guda, aka raba gida-gida. Maƙwabta suka yi ta tambayar wane babban littafi aka sauke a gidan Malam. Iya ta ce musu, "Na auta ne, mai jan bango." Daga ranar raɗe-raɗin majalisa ya mutu, don ba wanda zai ci wainar littafi kuma ya zage shi.

Da yammar nan Malam ya kira 'ya'yansa biyu ɗakin littattafai. Ya ce akwai wuraren da mai littafin ya yi kuskure, kuma ya lissafa su. Akwai inda ya yi rashin ladabi. Amma damuwarsa haƙƙin mutane ne, don haka a sa shi ƙarƙashin fiƙihu, a saman nahawu. Ya miƙa wa Baba littafin. Baba ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya goge bangon da hannun rigarsa, ya ɗaga littattafan fiƙihu, ya sa shi a wurinsa. Ni ce na kwance igiyar katifar Baffa, ban jira an sa ni ba.

Yau Malam da Iya sun daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansu. An yi wa zauren siminti, tarin littattafan kuma ya ninka, don kowane jika ya kawo nasa. Baba da Baffa duk sun yi ritaya, suna nan gida ɗaya, suna gardama a kan komai, har da yawan sukarin shayi. Yanzu littafi kan fito da safe, kafin azahar an yanke masa hukunci a waya, an zagi marubucin har kakanninsa, alhali ko bangon ba a gani ba. Abin yana damuna ƙwarai. Amma ina ganin yara suna karatu fiye da yadda muke zato, kuma suna tambayoyin da mu ba mu da ƙarfin halin yi.

To makon jiyan nan da na ce maka, 'yata da ke jami'a ta bi ni gidan. Ta fito da wani sabon littafi daga jakarta, a kan addini da zaman jama'a, irin wanda ake ta tayar da jijiyar wuya a kansa kwanan nan. Ta ajiye shi a gefen tabarma. Wa kake tsammani ya yi tsalle? Baffa. Ya nuna shi da sanda, ya ce wannan shirmen 'yan zamani ba zai shiga ɗakin Malam ba, shi ya ga abin da ake rubutawa a kansa a waya.

Baba yana kishingiɗe a inuwar bangon nan, idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutu yanzu. Ya ɗago kai a hankali.

"Auta, ka karanta shi?"

Baffa ya sauke sandarsa. Sai dariyar nan tasa ta dā ta ƙwace masa, har yana share ƙwalla.

Baba ya juya wajen 'yata, ya kira ta da sunan wasan da yake kiran jikokinsa mata. "Amarya, shiga ɗaki, bayan ƙofa za ki ga buzu a rataye. Ɗauko shi ki kai zaure. Mu biyu ne ɗalibanki, sai ki yi haƙuri da mu, ɗayan akwai gardama."