Taken Ɗan Baba a Bakin Ɗelu

Duk wanda ya ci soyayyen kifi a bakin tafkin Madarumfa shekarun baya ya san Ɗelu, doguwar matar nan mai tabo a gira, wadda ke juya karfasa cikin mai tana waƙa ko kallon mai saye ba ta yi. Ba ta da ɗa, miji ya daɗe da rasuwa, gonar gado kuma maza sun raba ba su tuna da ita ba. Murya kaɗai Allah ya bar mata, da ita take ci, da ita ake gayyatarta biki, kuma ba domin ita ba da ko sallama ba a yi mata.

Ubanta Mahaman makaɗin 'yan tauri ne, mazan nan da suka sha maganin ƙarfe har wuƙa ba ta cin jikinsu. Kowanensu yana da takensa, kiɗa da waƙa nasa shi kaɗai. Da an taɓa taken mutum sai ya tsumu, ido ya juye, ya zare wuƙa ya hau gurzar cikinsa har ta lanƙwashe. Ɗelu tana da shekara bakwai ta ga wani a kasuwar Ɗan Issa wanda aka sayar wa maganin banza. Ja ɗaya ya yi, sai ga shi durƙushe yana tare hanjinsa da hannu biyu. Ta kalli ubanta, ta ga bai daina kiɗa ba.

Tana da shekara tara ya kama ta tana rera wani take a bakin turmi. Ya ɗaga gular gangarsa ya sauke mata a gira. Jini ya zuba cikin geron, ranar gidan ba a sha fura ba.

"Take ba waƙar daka ba ce, ja'ira," in ji shi. "Da shi ake kashe mutum."

Ta ji, amma kunne ba ya rufuwa. Kafin ta yi aure babu taken da ba ta haddace ba.

Direba ta aura, ya tafi da ita Yamai, bayan shekara shida motarsa ta kife da shi a hanyar Doso. Ɗelu ta kama wanke-wanke a wani otel. A nan ne fa abin ya same ta. 'Yan orkestra suna zuwa gwaji da rana, tare da wata ƙatuwar mata 'yar Kwatano mai rera tsoffin waƙoƙin Amurka, irin kiɗan da suke kira jaz. Ɗelu ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta lura da wani abu. Kiɗa zai wuce, matar ta tsaya ta bar shi ya yi nisa, sannan ta biyo shi a hankali, ta ja kalma ɗaya ta lanƙwasa ta, ta sauke ta can ƙasan ƙirji. Gobe waƙar dai ita ce, amma ba haka za ta fito ba. Ɗelu ta tambayi mai busa musu ƙaho ko matar mantuwa take yi. Ya yi dariya ya ce waƙoƙin kowa ya san su tun kakanni, gwanintar ita ce yadda kowa zai bi da su.

Shi ke nan, Ɗelu ta samu abin yi. Tana cuɗa tukwane tana ɗauko taken ubanta ɗaya bayan ɗaya, ta cire musu ganga, ta cire ihu da sunan mai su, ta rage musu gudu. Wallahi sai ga abin da ake zare wuƙa dominsa ya koma abin da ke sa mutum tuna uwarsa.

Da uban ya rasu ta dawo gida, ta kafa kaskon kifi, matan gari suka fara kiranta wunin biki. Takan yi musu taken mazan da suka mutu, tsofaffi su yi ta share hawaye da bakin gyale ba su san me ya taɓa su ba. Ƙanenta Bashir, wanda ya gaji gangar, shi ya gane, ya same ta a bakin tafki.

"Yaya, na matattu ki yi ta yi. Amma na Ɗan Baba, in dai yana numfashi, kada bakinki ya taɓa shi."

Ɗan Baba shi ne babban ɗan taurin da aka yi a yankin, daga Gabi har bakin iyaka. Ya karya wuƙaƙe sun fi kwando a cikinsa. Amma shekara goma sha biyar ke nan da ya tuba, malamai suka ba shi abin da ya amayar da maganin, ya je Makka, ya zama Alhaji mai sahun gaba. Takensa kuwa duk cikin na Mahaman babu mai daɗinsa, kuma Ɗelu tana son taken nan kamar ranta.

"Haba Bashir," ta ce. "Ba ganga, ba suna, cikin mata? Kai kanka da ƙyar za ka gane shi."

Taurin kai dai gado ne a gidan. Ranar wunin bikin Ummulkhairi, 'yar maƙwabciyarta, bayan azahar, aka miƙa mata mikoro, abin ƙara murya. Ta yi waƙa uku, mata suka ce a ƙara, daɗi ya kwashe ta, ta rufe ido ta ɗauko taken Ɗan Baba. Ba ta taɓa yin waƙa irin ta ranar ba, wannan kowa ya shaida. Ta ja shi, ta sauke shi, tsakar gida ta yi tsit, masu rabon shinkafa suka tsaya da faranti a hannu. Abin da ba ta sani ba, an ɗaura lasifika a kan katanga tana fuskantar titi.

Alhaji Ɗan Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya da carbinsa, kusa da teburin mai nama. Waɗanda ke wurin sun ce da farko murmushi ya yi. Sai carbin ya faɗi. Sai kafaɗunsa suka hau rawa. Tsoho mai shekara saba'in da biyar, wanda sai an kama shi yake miƙewa, ya yi tsalle ɗaya ya fizge wuƙar mai nama, ya yage rigarsa, ya kurma ihun da rabon garin da jinsa tun zamanin Mahaman. Kafin a kai gare shi ya ja ta a cikinsa sau biyu. Ta shiga kamar a kabewa.

Ɗelu tana ciki ba ta ma kai ƙarshen waƙar ba. Hamisu, babban ɗan tsohon, ya faɗo gidan da jinin ubansa har gwiwar hannu, ya tsallake mata, ya figi muciya daga bakin murhu, ya hau Ɗelu da duka. Ta farko a kafaɗa, ta biyu ta zubar mata da haƙora uku. Ta faɗi, ya taka ƙirjinta, ya sauke ta uku a maƙogwaro. Mata suna salati suna jan rigarsa, wata ta watsa masa ruwan zafi a baya, sannan ya sake ta. Mota ɗaya ta kwashi Ɗelu da tsohon zuwa asibiti a Maraɗi, jininsu yana haɗuwa a ƙasan motar. Jandarmomi suka tafi da Hamisu.

An ɗinke tsohon, amma likita ya gaya wa iyalinsa su kai shi gida, ba abin da ya saura. Ɗelu ta yi sati uku wuya a naɗe, da cokali ake ɗura mata kunu, an hana ta magana. Ba ta kuka don haƙora, ba ta kuka don kafaɗa. Tsoro ɗaya ne ke cinta, na muryarta, kuma ta ƙi gwadawa ko da ita kaɗai ce a ɗaki.

Wata safiya Bashir ya shigo ya ce Alhaji yana kiranta. Ta je tana ɗingishi. Ta tarar da shi a kwance ya ƙare, ɗakin yana warin ciwo, 'ya'yansa mata sun haɗe rai ko gaisuwarta ba su amsa ba. Ya dube ta ya daɗe.

"Ɗiyar Mahaman," ya ce, "shekara talatin ubanki yana buga mini abin nan, ban taɓa jinsa ba. Da ya fara sai hankalina ya tafi. Ranar nan ne na ji farkonsa, ashe haka yake da daɗi. Ina son in ji ƙarshensa."

'Ya'yan suka ɗauki salati. Ya daka musu tsawa, ya sa aka fitar da duk wani ƙarfe daga ɗakin har cokali, ya sa Bashir ya ɗaure masa hannuwa da rawaninsa a jikin gado, ƙulli biyu-biyu.

"To, bismilla."

Ɗelu ta durƙusa a gefen gadon, ta kwance ƙyallen wuyanta, ta rufe ido. Taken yana nan cikin kanta tsaf, har inda za ta tsaya ta bar shi ya yi nisa. Ta ja numfashi ta buɗe baki. Iska ce ta fito, da wani ɗan kurji-kurji. Ta haɗiye yawu ta sake. Ta sake har sau huɗu, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ta ji ɗanɗanon jini a harshe.

Tsohon yana ta jira, kunne a karkace, hannuwa a ɗaure. Can ya juyar da fuskarsa wajen bango.

"Bashir, kwance ni," ya ce.