Awon Yayata

Tun saura wata biyu makarantarmu ta sanar da ranar ɗaukar hoton 'yan ajin ƙarshe. Ni abin da na hango a raina farar riga ce mai sauƙi, da haske yana sauka a gefen fuskata kamar na hantsi a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai kafin zafi ya buɗe. Umma kuwa gurup ɗin dangi na waya ta hango. Lokacin da yayata ta gama sakandare a Kano, hotonta ya kwana biyu yana yawo a wayoyin gwaggwanni da kawunnai, ana ta masha Allah. Ni tun da muka dawo Dubai Umma ba ta taɓa saka hotona a can ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma ina so wannan karon ta saka, ta rubuta "'yata" a ƙasa.

Ta kira telanta na Kano ta ce ya yanka leshi ruwan zuma. Ina jin muryarsa ta waya.

"Hajiya, awon fa?"

"Ai kana da na babbar. Yi da shi."

Na ce, "Umma, Yaya ta fi ni siranta."

"Na sani. Ke za ki bi rigar, ba ita za ta bi ki ba."

Rigar ta iso cikin kayan wata 'yar kasuwa, aka rataye ta a ƙofar sif ɗina. Da safe duwatsun jikinta sukan kama rana su watsa ta a silin kamar ƙananan kifaye. Nakan kwanta ina kallonsu, cikina yana kuka. Na tsani rigar nan, kuma ban taɓa son wani abu kamarta ba. Sati biyar abincina kokwamba ne da dafaffen ƙwai da shayi ba sukari. Abba, in ya dawo daga aikinsa na Jebel Ali, yakan turo min dabino uku ta ƙarƙashin littafina ba tare da ya dube ni ba. Ranar da Umma ta gani ta ce, "Kai ne kake kumbura ta." Daga ranar bai ƙara ba.

Ranar hoton ƙawar Umma ta zo da sassafe da jakar kwalliya. Mutuniyar Maraɗi ce, tana sayar da turare a Deira, muna kiranta Tanti. Su biyu suka taru a kan zif ɗin.

"Ja numfashi," in ji Tanti. "Ja mana! Ah non, Hajiya, duk shinkafar Dubai nan ta sauka."

Umma ta ce, "Bar ta, gadon dangin ubanta ne. Ba ƙugu gare su ba, daga kafaɗa sai gwiwa."

Suka yi dariya har Tanti ta dafa bango. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Zif ya hau da ƙyar, ya cije min fatar baya. Sai hoda, wadda ta fi ni haske nesa ba kusa ba.

"Shwayya shwayya, a hankali, kar ta koma fatalwa," in ji Tanti.

"Ƙara dai. Kyamara ba ta ganin baƙi."

Suka ɗaura min gwaggwaro har girata ta ɗage. A tasi a karkace na zauna, hannayena masu lalle a buɗe kan cinya, ina shan iska kaɗan-kaɗan kamar mai kurɓar shayi mai zafi.

A ɗakin karatu aka kafa fitilu. 'Yan ajinmu duk da kayan yau da kullum suka zo. Wata ta tambaye ni ko daga nan biki za ni. Malamar ajinmu ta miƙo min baƙar rigar kammala karatu da hula mai kusurwa huɗu. Takardar makaranta ta ambaci rigar, na kuma karanta wa Umma, ta ce ai irin ta Yaya ce da ake buɗewa a gaba a tsaya a ɗauki mutum har ƙafa. Wannan kuwa rufe take har wuya, kuma daga ƙirji zuwa sama ake ɗauka.

Hular ta ƙi zama a kan gwaggwaron, dole aka kwance shi. Wata 'yar Sudan da muke zama kujera ɗaya ta ara min baƙin mayafinta, ta ga gumi ya tsaga hodar layi-layi, ta sa tishu ta goge min ita duka. Da na zauna gaban mai hoton, na tuna babu mai ganin bayana. Na kai hannu ta ƙarƙashin baƙar rigar na sauke zif ɗin. Iska ta shige ni har ƙasan ciki, idona ya kawo ruwa don daɗi. A daidai nan ya ɗauka.

Bayan sati ɗaya hoton ya shigo wayata. Na daɗe ina kallonsa a cikin motar makaranta. Yarinya ce baƙa mai faɗin fuska, idonta da gajiya, tana murmushi kamar an kira ta daga nesa da murya mai daɗi. Na so ta. Na haura bene da gudu na sami Umma a kicin tana yanka albasa.

Ta goge hannu ta karɓa, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta ja shi ƙasa.

"Ina rigar? Ina lallen?"

"Haka suke ɗauka, Umma."

"Duk wahalar nan da muka sha, su rasa abin ɗauka sai fuska. Abu ɗayan da ba mu iya gyarawa ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙo min wayar ta koma kan albasarta.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta ce in sake sa rigar. Ta ɗaura min gwaggwaron da kanta, ta tsayar da ni a baranda, ta ja da baya da wayarta.

"Juya. Kalli can wajen masallaci. Ƙara juyawa. Ɗora hannu a kan ƙarfen a ga lallen. Yawwa, khalas, shi ke nan."

A hoton ana ganin leshin da zubin gwaggwaron da ɗan gefen kunnena. Shi ta tura gurup ɗin dangi, ta rubuta "Alhamdulillah" kawai. Ina zaune kusa da ita a karkace saƙonni suka fara shigowa. Babbar gwaggonmu, wadda Umma ke ce wa Yaya, ce ta fara: "Masha Allah, babbar ce ta zo muku hutu? Yarinyar nan kullum ƙara kyau take."

Na zuba wa yatsan Umma ido. Ya ɗan tsaya a kan haruffan. Sai ta rubuta, "Amin, Yaya, mun gode," ta tura.

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Tashi ki cire ta kafin ki fasa ɗinkin. Yayarki za ta so ta."