Rubutun Hannun Tsahara

Shekara sha biyu Tsahara na aikin jinya a wani gidan likita na Ƙonni, ba ta taɓa rubuta “wajen azahar” ba. In zuciyar majinyaci ta tsaya, wasu na danna ƙirji, ita ko bik, wato biro, take zarowa ta rubuta a bayan hannunta: ƙarfe kaza ya faɗi, minti kaza anka yi allura. Daga baya ta kwafe cikin kaye, littafin aiki. Mai cika takarda da ka ya sha faɗanta.

Ran da tata zuciyar ta tsaya, abokin aikinta Labo ya duba agogo: 11:07. Masu wanka sunka iske 11:07 a hannunta, da rubutunta. Ƙanwarta ta ce tun safe ta gan shi, ta ɗauka na wani majinyaci ne.