Baba Mai Alli da Takun Banza

Kafin a buɗe ɗakin naɗe sabulu, Baba Mai Alli ya riga ya iso. Zai rataye rigarsa a ƙusa, ya zaro guntun alli daga bayan kunne, ya tsaya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Haka muka san shi shekara da shekaru a kamfanin. Mu muna naɗe sabulu muna jerawa a kwali, shi kuma shi ne babba a ɗakin.

Abin da ya tsana a duniya shi ne abin da yake kira takun banza. In ya ga kin tashi daga teburinki har ƙarshen ɗaki don ɗauko gam, sai ya dafe kai. Washegari za ki tarar ya ja layi a ƙasa, gam ya dawo kusa da hannunki. Kwalaye ya mayar da su bakin ƙofar da mota ke tsayawa. Akwai wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, ciwon baya ya daɗe yana cin ta. Ya sa kafinta ya ƙara wa teburinta tsayi, ta daina sunkuyo, ta ce tun ranar ta fara barci ba sai jikoki sun tattaka ta ba. Mukan tsokane shi cewa ko banɗaki zai shiga sai ya fara zana hanya, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai da ma ƙofar ba a inda ya dace take ba.

Aikin da a da yake kai mu faɗuwar rana ya koma muna gama shi da sauran rana. Don mu ya yi, wannan ni shaida ce. Burinsa uwa ta koma gida ta tarar da 'ya'yanta ido biyu.

Masu kamfani suka zo suka gani, suka yaba, suka sa aka bi layukansa da fenti. Sannan suka yi tunanin da shi bai taɓa yi ba: tunda aiki na ƙarewa da wuri, ashe hannaye sun yi yawa. Manaja ya tara mu, ya ce cikin ladabi kamfani zai ƙara rage takun banza. Da kalmar Baba aka sallame mu, ni da Gwaggo da kusan rabin ɗakin. Ba a jima ba shi ma aka ce ya je ya huta, tunda layi ya riga ya zauna a ƙasa.

Rashin aikin bai ƙona shi kamar yadda mutane suka juya masa baya ba. Wasu in ya gaishe su sai su kau da kai. Ɗan Gwaggo ya tare shi a hanya ya ce, "Baba, ai da allinka aka zana wa uwata hanyar fita."

Tun daga nan ya kasa zama. Matarsa ta ce da safe yake fita a ƙafa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, yana bin gidajen waɗanda aka sallama yana neman gafara. Da ya zo gidana, na ba shi ruwa na ce, "Baba, doguwar tafiya kan laifin da ba naka ba, wannan ai shi ne takun banza."

Ya ce, "Bar ni, 'yata. Takun da na rage muku ne nake ramawa."

Baba, kai ne ka ɗauke mana gajiya, wasu suka ɗauke mana abinci, aka haɗa duka aka ɗora maka. Mai gyara don tausayi, na gode, ko da ni kaɗai ce zan faɗa. Allah Ya saka maka.

A nan ya kamata in ce matasa su yi koyi da shi, amma bakina ya yi nauyi, domin na ga inda gyaran ya kai mu. Duk da haka ku yi koyi da shi, sai dai kafin ku ja layi ku tambayi wa layin zai bari a waje. Ku kuma 'yan ɗakinmu, in ya ƙwanƙwasa ku buɗe masa. Gwiwar ta kusa ƙarewa, kuma gidajen da sauran yawa.