Kujerar Hawa Bishiya a Bayan Lyon

Asabar ce, cikin watan Nuwamba na shekarar 1996, wajen ƙarfe shida da rabi na safe. Mu uku ne a bakin wani daji arewa da Lyon: ni, da kawuna, da wani Bafaranshe abokin aikinsa a masana'anta. Na zo daga Paris a jirgin ƙasa ranar Juma'a, bayan na tashi daga aikin rediyo, domin kawu ya yi mini waya sau da yawa a makon nan, abin da bai saba ba.

Kawu ɗan maharba ne daga wajen Maradi. Da kwari da baka ya tashi, kuma a kan bishiya ya yi yawancin safiyoyin samartakarsa, yana dakon barewa kusa da tafki. Tun da ya zo Faransa yake zaune a wani dogon bene a unguwar Minguettes, a gefen Lyon. Takardar izinin farauta ba shi da ita, don haka ba zai taɓa baka ba a ranar. Abin da ya roƙa ɗaya ne: a bar shi ya hau sama ya zauna, ko da sau ɗaya kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Bafaranshen yana farautar irin barewar ƙasarsu da baka, kuma yana da wata kujerar ƙarfe mai hawa bishiya. Gida biyu ce, mazauni da matakin ƙafa, kowanne da hannun da ke rungumar kututture. Mutum zai ɗaga mazaunin, ya jingina a kansa, ya jawo matakin da ƙafafunsa da ke cikin maɗauri, ya sake miƙewa. Haka ake tafiya sama kaɗan-kaɗan. Idan za a ɗauke ta, sai a haɗa gida biyun a goya a baya.

Na miƙa hannu zan ɗauka, kawu ya ture ni.

"Bar ta, Malam na rediyo. Kai bakinka ke aiki, ba bayanka ba."

Ya goya ta. Ƙarfen yana ƙara duk taku, sai ya cire mayafin wuyansa ya cusa tsakanin gida biyun. Muka bi shi a baya. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan tafiya a Lyon ba, yana ɗora gefen ƙafa kafin diddige.

Ya tsaya gindin wata bishiya mai rassa tun daga ƙasa, ya shafa ta. Bafaranshen ya girgiza kai. Kujerar ba ta wuce reshe, sai bishiya miƙaƙƙiya, sumul.

"Wanga icce ko biri ba ya son shi," in ji kawu, da aka nuna masa wadda ta dace. Amma ya sauke kayan.

Aka kafa. Bafaranshen ya ɗaga bakin matakin sama kaɗan, ya ce kututture yana sirancewa can sama, a nan zai daidaita. Ya ɗaura wa kawu ɗamarar tsaro. Muna cikin haka kawu ya zauna ya kwance takalmansa, ya cire safa.

"Kawu, akwai sanyi."

"A gidanmu ba a hawan iccen farauta da takalmi. Kai ma ka sani."

Na sani. Ana yi wa bishiya sallama, a hau ta da ƙafa tsirara. Na fassara wa Bafaranshen, ya ce maɗaurin don takalmi aka yi shi, ƙafa zalla ba za ta cika shi ba. Kawu ya ce ƙafarsa ta cika abin da ya fi wannan. Ya yi sallama a hankali, ya ce bismillah, ya fara.

Ya yi nisa fiye da yadda na zata. Ya kai kusan tsayin bene guda, yana haki, sai ƙafar dama ta zame daga maɗauri, ta hagu ta bi. Matakin ya sulale har ƙasa da ƙarar da ta cika dajin. Akwai igiyar da ake haɗa gida biyun da ita don irin wannan, amma a ranar tana cikin mota. Kawu ya samu ya gyara zama a mazaunin, ƙafafunsa suna reto.

Bafaranshen ya dubi bakansa, ya dubi daji. Babu barewar da za ta zo bayan wannan ƙara. Ya ce zai je wata gona ya aro tsani, ya tafi.

"Kawu, lafiya?"

"Kashe rediyon nan, ɗana."

Bakina yake nufi. Na zauna gindin bishiyar, takalmansa a gefena. Daga ƙasa ina ganin tafin ƙafarsa yana canja launi saboda sanyi. Hazo ya fara ɗagawa. Kawu ya juya fuskarsa wajen da iska ke fitowa, ya sauke kafaɗu, bai ƙara motsi ba. Hannunsa na hagu yana kan gwiwa, a dunƙule, kamar akwai baka a ciki. Ina yaro na sha ganinsa yana dawowa da hantsi, amma ban taɓa ganin wannan zaman ba, domin ba a zuwa da yara. Sai a wannan dajin na gan shi, kuma har yau shi nake fara tunawa idan an ambaci gida.

Da muka hango tsani yana tahowa tsakanin itatuwa, kawu ya yi magana ba tare da ya dubo ƙasa ba.

"Ce masa ya dakata kaɗan."

Na faɗa. Bafaranshen ya ajiye tsanin a ƙasa, ya zauna a kansa. Sai da rana ta fito sosai kawu ya ce a kawo.

Ya yi mako a kwance da mura, matarsa ba ta yi mini magana ba har na koma Paris. Bafaranshen ya sake gayyatarsa da aka buɗe farauta a shekarar da ta biyo, amma lokacin likita ya riga ya hana shi ɗaukar kaya da hawan ko da matakalar bene.